CIWON DAJIN HUHU: MENE NE MAGANIN RIƘO, WA YA KAMATA YA KARƁE SHI?

Akwai ciwon da ake sha wa magani a warke. Akwai kuma ciwon da magani ba ya kashe shi, sai dai ya riƙe shi. Ciwon dajin huhu idan ya yi nisa, yana cikin kashi na biyu. Ya kamata mu san wannan da kyau, domin wata rana shawarar tana iya zuwa ƙofar gidanmu, ko ta maƙwabcinmu.

Mu fara da misali

Mu ɗauki misalin wani manomi na ƙasar Tasawa, mai shekara 58. Ya yi shekara 30 yana shan sigari. Bayan kaka tari ya kama shi. Ya sha jiƙo, ya sha ƙwayoyin tebur, tari bai tafi ba. Ya fara ramewa. Wata safiya ya ga jini a cikin majinarsa.

Babban ɗansa ya kai shi likita. Aka auna majinarsa, ba a sami tarin fuka ba. Aka yi masa hoton ƙirji, wanda muke kira radiyo, aka ga wani dunƙule a huhunsa na dama. Aka tura shi Yamai. Can aka yi masa hoton sikanar, aka ɗebo ɗan guntun naman dunƙulen aka auna. Sakamako ya fito: ciwon daji ne, kuma ya riga ya kai ga ƙashin baya.

Aka yi masa ƙarin ruwan magani sau 4 cikin wata 3. Ya sha wuya, amma tari ya ragu, ya koma cin tuwo, har yana tafiya masallaci da ƙafarsa. Kafin nan an sayar da raguna biyu da sa ɗaya.

Ranar da suka koma ganin likita, sai likita ya ce: "Malam, magani ya yi aiki. Dunƙulen ya ragu, amma bai ƙare ba. Yanzu hanya biyu ce. Ko mu tsaya ka huta, mu riƙa dubawa. Ko mu ci gaba da magani guda ɗaya mai sauƙi, kowane sati 3."

Ɗan ya dubi mahaifinsa ya ce: "Baba, ko gona ce sai mu jinginar, muddin za ka warke."

A nan ne ya kamata a tsaya a yi tunani. Shin wannan magani na biyu yana warkarwa? Me yake ƙarawa? Me yake ci? Ga amsoshin, ɗaya bayan ɗaya.

Mene ne ciwon dajin huhu?

Jikin mutum an gina shi da ƙananan ƙwayoyi da ido ba ya gani, kamar yadda ake gina ɗaki da tubali. Ƙwayoyin nan suna haihuwa, suna tsufa, suna mutuwa, bisa tsari. Wani lokaci wata ƙwaya takan lalace. Sai ta riƙa haihuwa ba tsayawa, har ta zama dunƙule. Wannan shi ne ciwon daji. Wasu na ce masa sankara, a asibiti kuma za ku ji ana cewa kanser.

Idan dunƙulen ya fara a cikin huhu, shi ne ciwon dajin huhu. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙidaya cewa a shekarar 2022, mutum kusan miliyan 2 da rabi ne suka kamu da shi a duniya, kuma kusan miliyan 1 da dubu 800 suka rasu. Babu ciwon dajin da ya kai shi kisa.

Babban mai kawo shi taba ce. Cikin mutum 100 masu wannan ciwo, kusan 85 shan taba ne ya jawo musu. Tun shekarar 1950 wasu likitoci biyu na ƙasar Ingila, Richard Doll da Bradford Hill, suka nuna dangantakar sigari da wannan ciwo. Wanda yake zama kusa da mai shan taba, shi ma yana shaƙar rabonsa. Gurɓatacciyar iska, da hayaƙin girki a rufaffen ɗaki, da wata iska marar wari mai suna radon da ke taruwa a ramukan haƙar ma'adinai, su ma suna da hannu. Saboda haka wanda bai taɓa sa sigari a bakinsa ba yana iya kamuwa.

Ciwon daji ba ya yaɗuwa daga mutum zuwa mutum. Ba a ɗaukarsa ta tari, ko ta ƙwarya, ko ta tabarma. Kada a ware wa mai shi kwano.

Kada a rikita shi da tarin fuka

Alamun ciwon biyu suna kama da juna: tari mai daɗewa, jini a majina, ramewa, ciwon ƙirji, sarƙewar numfashi. A ƙasarmu tarin fuka ya fi yawa nesa ba kusa ba, kuma ana warkewa daga gare shi da maganin wata 6. Shi ya sa duk wanda ya yi sati 2 yana tari, ya je a auna majinarsa.

Amma idan an auna ba a sami tarin fuka ba, ko an yi wata 2 ana shan maganinsa jiki bai yi sauƙi ba, kada a zauna. A koma likita a faɗa. A nemi a sake duba ƙirjin, musamman idan mutum ya haura shekara 40 kuma yana shan taba. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Ciwon dajin huhu idan an gano shi yana ƙarami, wuri ɗaya, ana iya yanke shi, mutum ya warke.

Idan ciwo ya yi nisa

Likitoci sun kasa ciwon daji mataki 4. Mataki na 4 shi ne wanda ciwo ya bar inda ya fara, ya bi jini ya sauka wani wuri: ɗaya huhun, ko ƙashi, ko hanta, ko ƙwaƙwalwa. Da yawan masu ciwon ba a gano su sai a wannan mataki, domin huhu ba ya saurin kuka.

Manomi ya san ƙuduji, wanda wasu ke kira gaugai. Idan tushe ɗaya ne a gona, ka tuge shi ka huta. Idan ya riga ya zubar da iri ko'ina cikin ƙasa, ba ka iya tsince irin. Sai dai ka riƙa rage shi domin hatsi ya sami yin kai. Haka mataki na 4 yake. Wuƙar likita ba ta isa ko'ina. Aikin magani a nan guda uku ne: rage ciwon, sauƙaƙa wahala, da ƙara wa mutum lokaci.

Maganin farko

Maganin da aka fi sani ana kiransa shimiyoterapi, a taƙaice shimiyo. Magani ne mai ƙarfi da ake sawa ta jijiya, cikin ƙarin ruwa. Yana bin jini ko'ina, yana kashe ƙwayoyin da ke saurin haihuwa.

A farko ana haɗa magani biyu. Ɗaya daga cikinsu shi ne sisplatin ko karboplatin. Ana yi rana ɗaya, a huta, a sake bayan kwana 21. Wannan shi ne zagaye ɗaya. Ana yin zagaye 4, wani lokaci har 6, sannan a tsaya.

Don me ake tsayawa? Domin maganin ba ya bambance ƙwayar daji da sauran ƙwayoyin jiki masu saurin haihuwa. Yana taɓa ɓargon ƙashi inda ake yin jini. Yana taɓa baki da hanji, yana gajiyar da ƙoda da jijiyoyin hannu da ƙafa. An gwada an gani: idan aka wuce zagaye 6 da wannan haɗi, wahala ce ke ƙaruwa, kwana ba ya ƙaruwa.

Shekaru da yawa, abin da ake yi bayan nan shi ne a sallami mutum, a jira. Sau da yawa ciwo yakan dawo cikin 'yan watanni. Wasu kuma kafin a ankara jikinsu ya raunana, har ba su iya karɓar wani magani.

To, mene ne maganin riƙo?

Sai likitoci suka yi wani tunani. Maimakon a jira ciwo ya tashi, me zai hana a ajiye maganin mai tsanani, a ci gaba da guda ɗaya wanda jiki ke iya ɗauka? Wannan shi ne maganin riƙo. Da Faransanci za ku ji likita ya ce mantenans.

Noman farko shi ne mai wuya, shi ne ake taruwa a kansa. Maganin riƙo kamar maimai ne. Ba ya hana haki sake fitowa har abada, amma yana hana shi rufe hatsi da wuri.

Iri biyu ne. Na ɗaya: a ci gaba da ɗaya daga cikin magunguna biyu na farko. Na biyu: a ajiye su duka, a ɗauko wani sabo. Maganin da aka fi amfani da shi a wannan aiki sunansa pemetreksed. Hukumar kula da magunguna ta Amurka ta yarda da shi domin riƙo a shekarar 2009.

Me bincike ya nuna?

An yi manyan gwaje-gwaje biyu. A kowanne, an kasa masu ciwon kashi biyu ta hanyar ƙuri'a. Kashi ɗaya aka ba su maganin riƙo. Ɗaya kashin aka ba su ruwan da babu magani a ciki. Duka biyun an kula da su da maganin zafi da sauran taimako.

Gwajin farko ya fito a shekarar 2009. An yi shi a ƙasashe 20, da mutum 663. Waɗanda suka karɓi maganin riƙo sun rayu wata 13 da 'yan kwanaki. Sauran sun rayu wata 10 da rabi.

Gwaji na biyu, mai suna PARAMOUNT, sakamakonsa na ƙarshe ya fito a shekarar 2013. An kasa mutum 539. Masu maganin riƙo sun rayu kusan wata 14. Sauran sun rayu wata 11. Bayan shekara 2, cikin kowane mutum 100 masu maganin riƙo, 32 suna raye. Cikin sauran kuwa, 21.

Mu fahimci wannan lissafi, kada ya ruɗe mu. Ba ana nufin kowa wata 14 zai yi ba. A ce an jera mutanen duka a layi, daga wanda ya fi saurin rasuwa har zuwa wanda ya fi daɗewa. Sai a duba na tsakiyar layi. Kwanansa shi ne aka rubuta. Rabin mutanen ba su kai haka ba, rabi sun wuce, wasu ma sun wuce da nisa. Babu likitan da zai iya gaya wa mutum inda zai tsaya a cikin layin.

Abin riƙewa shi ne: maganin riƙo yana ƙara lokaci, kusan wata 3 ga na tsakiyar layi. Ba ya warkar da ciwon. Wata 3 ba ƙaramin abu ba ne ga wanda ke son ganin amfanin gonarsa ya shiga rumbu, ko ganin auren 'yarsa. Amma wanda zai jinginar da gona, ya kamata ya san abin da yake saye.

Wa ya dace da shi?

Ba kowane mai ciwon ba ne. Likita yana duba abu 4.

1. Irin ciwon. Ciwon dajin huhu iri-iri ne, kuma awon guntun nama ne kaɗai ke bambance su. Pemetreksed yana aiki a kan irin da ake kira adenokarsinom da makamantansa. Ba ya amfani ga irin da ake kira epidermoyid. Akwai kuma iri mai ƙananan ƙwayoyi, wanda tsarin maganinsa dabam ne. Idan ba a san irin ba, harbi ne cikin duhu.

2. Aikin maganin farko. Sai idan hoto ya nuna ciwon ya ragu, ko ya tsaya inda yake. Idan ya ƙaru duk da magani, ba maganar riƙo ake ba, sai a sake shawara.

3. Ƙarfin jiki. Mutumin da ke tashi, yana wanka da kansa, yana zagaya gida da unguwa, shi aka gwada maganin a kansa, shi ne kuma yake amfana. Wanda ke yini a kwance, shimiyo ya fi kusa da cutar da shi.

4. Lafiyar ƙoda da jini. Ƙoda ce ke fitar da wannan magani ta fitsari. Idan ta yi rauni, magani yana taruwa a jiki ya zama guba.

Yadda ake yin sa

Ana zuwa asibiti sau ɗaya kowane kwana 21. Kafin kowane zagaye sai an auna jini, a ga yawansa da lafiyar ƙoda da hanta. Ƙarin ruwan kansa ba ya daɗewa, kamar minti 10 ne. Ba a kwana asibiti saboda shi.

Akwai abubuwa 3 da ke tafiya tare da shi, kuma ba a wasa da su:

1. Ƙwayar bitamin mai suna asid folik, kowace rana. Ita ce bitamin ɗin da ke cikin ƙwayar da ake ba mata masu ciki wurin awo. Amma a sha wadda likita ya rubuta.

2. Allurar bitamin B12, sau ɗaya kowane sati 9.

3. Ƙwayar deksametazon, kwana 3: jajibirin magani, ranar magani, da washegari. Tana rage ƙuraje da ƙaiƙayin fata.

Bitamin ɗin nan biyu su ne ke kare jini da hanji. Wanda ya bar su domin ya ga ƙanana ne, yana iya faɗawa cikin babbar wahala.

Bayan kowane zagaye 2 ko 3, ana sake hoto. Maganin riƙo ba shi da ƙayyadadden adadi. Ana ci gaba muddin ciwo yana kwance kuma jiki yana ɗauka. Ana tsayawa idan ciwo ya tashi, ko wahala ta yi yawa, ko mai ciwon ya ce ya isa.

Wahalar magani da alamun haɗari

Maganin riƙo ya fi na farko sauƙi, amma ba ruwan sha ba ne. Yakan kawo gajiya, ƙarancin jini, tashin zuciya, rashin son abinci, gyambon baki, ƙuraje, da kumburin ƙafa. Yawanci gashi ba ya zubewa.

Abin da ya fi haɗari shi ne raguwar sojojin jini, waɗanda ke yaƙi da ƙwayoyin cuta. Sukan ragu a sati na biyu bayan magani. A lokacin, ƙaramar cuta tana iya kayar da mutum cikin yini ɗaya.

Mu a nan, da an ji jiki ya yi zafi sai a ce zazzaɓin cizon sauro ne, a aiki yaro ya sayo ƙwaya. Ga mai shimiyo wannan kuskure ne mai kisa. A ajiye ma'aunin zafin jiki a gida. Idan ya kai 38, a tafi likita nan take, ko da tsakar dare ne. A nuna takardun magani, a ce: "Wannan mutum yana karɓar shimiyo." A auna zazzaɓin sauro, a kuma auna jini.

Haka nan a garzaya idan an ga ɗaya daga cikin waɗannan: amai ko zawo da ya hana shan ruwa, fitsari ya ragu ƙwarai, jini daga hanci ko dasashi da ba ya tsayawa, numfashi ya ƙara sarƙewa, ko ƙafafu sun mutu farat ɗaya.

Ga kuma abin da za a kiyaye a gida. A sha ruwa mai tsabta da yawa, musamman lokacin bazara. Kafin a ɗauki azumi, a yi shawara da likita. Kada a sha ƙwayoyin ciwon jiki irin su ibuprofen da diklofenak sai da izininsa, domin suna hana ƙoda fitar da magani. Idan ana shan jiƙo ko tsimi ko saiwa, a faɗa masa. Ranar wanka ba a ɓoyon cibiya. Mata da miji kuma su yi tazarar haihuwa a lokacin magani, domin shimiyo yana cutar da ɗan tayi.

Sababbin magunguna

Ilimi bai tsaya ba. Yau akwai wasu hanyoyi biyu ban da shimiyo. Ta farko, maganin da ke tayar da sojojin jiki su yaƙi ciwon da kansu. Wani gwaji da ya fito a shekarar 2018 ya nuna cewa idan aka haɗa irin wannan magani, mai suna pembrolizumab, da shimiyo, mutane sun fi daɗewa. Akan ci gaba da shi har shekara 2. Ta biyu, ƙwayoyin haɗiya da ke aiki ga waɗanda ciwonsu ke ɗauke da wata alama ta musamman, kamar wadda ake kira EGFR. An fi samun wannan alama ga waɗanda ba su taɓa shan taba ba. Sai an yi awo na musamman ake gane ta. Magungunan nan suna da tsada ƙwarai. Duk da haka a tambayi likita ko sun dace da mai ciwon, da inda ake samun su.

Lissafin gida

A Yamai akwai Cibiyar Ƙasa ta Yaƙi da Ciwon Daji. A shekarar 2021 aka buɗe sashenta na gashin ciwo da haske, wanda ake kira radiyoterapi. Wannan haske yana taimakawa ƙwarai wajen kwantar da ciwon ƙashi da tsayar da tarin jini.

Amma Yamai ba nan kusa ba ce. Daga Maraɗi tafiyar ta fi kilomita 600. Daga Damagaram kusan 900 ce. Maganin riƙo kuwa kowane sati 3 ne, kuma ba a san ranar ƙarewarsa ba. Saboda haka kuɗin magani kaɗai ba shi ne lissafi ba. A haɗa da kuɗin mota na mutum biyu, da masauki, da abinci, da awon jini, da hoto. A haɗa da aikin gonar da mai rakiya zai bari. A haɗa da gajiyar hanya ga jikin da ba shi da ƙarfi.

A yi wannan lissafi tun kafin a fara, a gaban mai ciwon. Kada a ɓoye masa. Sau da yawa dangi sukan ce wa likita: "Kada ka gaya masa." Tausayi ne ya sa, amma jikinsa ne, gonarsa ce, 'ya'yansa ne. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Wanda ya san gaskiyar halinsa yana samun damar biyan bashi, da barin wasiyya, da neman gafarar waɗanda ya saɓa wa.

Tambayoyi 7 da za a yi wa likita

Matambayi ba ya ɓata. Ku da kuka iya rubutu, ku rubuta waɗannan a takarda ku tafi da su. Ku rubuta amsar kuma.

1. Wane irin ciwon daji ne, kuma mataki na nawa?
2. Wannan magani na warkarwa ne, ko na riƙewa?
3. Idan muka tsaya muka huta, me zai faru?
4. Nawa ne kuɗin zagaye ɗaya, har da awo da hoto?
5. Ana samun maganin kullum, ko yana yankewa?
6. Akwai abin da za a iya yi a asibitin jiharmu, ba sai mun zo nan ba?
7. Idan zazzaɓi ya zo da dare, ina za mu je, wa za mu kira?

Tsayawa ba yarwa ba ce

Wanda ya zaɓi hutu, ko wanda jikinsa bai iya ɗaukar shimiyo ba, ba a gama da shi ba. Akwai kulawar sauƙaƙa wahala. Akwai maganin zafi daki-daki, daga parasetamol har zuwa morfin. Morfin idan likita ya tsara shi, yana kwantar da zafi mai tsanani da sarƙewar numfashi, mutum ya sami barci. Idan ruwa ya taru a ƙirji, ana zuƙe shi, numfashi ya buɗe.

Wannan kulawa ba ta ranar ƙarshe kaɗai ba ce. A shekarar 2010, a birnin Boston na Amurka, an yi gwaji da mutum 151 masu ciwon dajin huhu mai nisa. Waɗanda aka fara wa kulawar sauƙaƙa wahala tun farko, tare da sauran magani, sun fi jin daɗin kwanakinsu, baƙin cikinsu ya ragu. Sun ma fi daɗewa: wata 11 da rabi, sauran kuwa kusan wata 9. Ashe kwantar da zafi da kwantar da hankali su ma magani ne.

Mu koma ga manominmu

Da likita ya gama bayani, manomin ya yi shiru. Can ya ce wa ɗansa: "Ka ji da kunnenka. Ba warkewa ake saye ba, kwana ake ƙarawa. Gona ba tawa ba ce ni kaɗai, ta ƙannenka ce. Ba za a taɓa ta ba. Amma ga saniyar nan da ragowar wake. Ina son in ga kaka. Mu yi iyakar abin da suka kai mu."

Ya karɓi maganin riƙo zagaye 5. Ya ga an ɗaure dammuna an kai rumbu. Da hoto ya nuna ciwo ya soma tashi, ya ce a mai da shi gida. Majo na garinsu ya ci gaba da ba shi maganin zafi bisa takardar likita.

Wani a matsayinsa zai ce a ci gaba da nema har inda ƙarfi ya ƙare. Wani zai ce tun farko a bar shi ya huta cikin iyalinsa. Babu wanda ya yi laifi a cikinsu, muddin ya zaɓa ne bisa sani. Laifin shi ne a kwashe dukiyar marayu bisa zaton warkewa, domin an ji kunyar yin tambaya.

Abin da ke hannunmu

'Yan'uwa, duk wannan wahala, mafi yawanta daga karan sigari take farawa. Tun shekarar 2006 ƙasarmu ta kafa dokar yaƙi da shan taba, wadda ta hana shan ta a wuraren taruwar jama'a. Amma doka ba ta shiga aljihun mutum. Shisha da samari ke yayi, ita ma taba ce, ruwan da ke cikinta ba ya wanke dafin hayaƙi.

Wanda ya bar taba yau, haɗarinsa yana raguwa shekara bayan shekara. Bayan shekara 10 zuwa 15, yakan ragu da kusan rabi. Ko wanda ciwo ya riga ya kama, barin taba yana sauƙaƙa masa numfashi, yana taimakon magani.

Ku karanta wa waɗanda ba su iya karatu ba wannan shafi. Mai tarin sati 2, ku raka shi likita. Mai jinya, ku ziyarce shi, ku ci abinci tare da shi. Rigakafi ya fi magani. Allah ya ba marasa lafiyarmu sauƙi, ya ba mu lafiya da damina mai albarka.